Ƙwayar Ƙarfe Bakwai da Ƙoƙon Ña Blásida

Litinin, 10 ga Yuli, 7:40 na safe

Likita Insfrán ta ce in riƙa rubutawa. Na tambaye ta me zan rubuta. Ta ce lokacin da na sha, abin da na ci, da abin da na ji. Biyun farko ba wuya.

Na sha ƙwayar farko ƙarfe bakwai daidai. Sertraline, miligiram hamsin. Ba ta kai ƙwayar wake ba. Na ci rabin chipa, burodin rogo da cuku.

Ga sharuɗɗan kamar yadda ta faɗe su ranar Juma'a. Ɗaya kullum da safe. Ba zan ga canji ba sai bayan sati uku ko huɗu, wataƙila shida. Kada in daina da kaina, ko na ji sauƙi ko ban ji ba. Ban da giya. Kada in haɗa da wani magani sai na tambaye ta. In tunanin cutar da kaina ya zo min, in kira ta nan take, kowane lokaci ne. Kuma kada in zauna ni kaɗai a gida cikin waɗannan makonni. Na ƙarshen nan sau biyu ta faɗa, tana kallona ta saman gilashinta.

Ta ce sunan abin ciwon damuwa, da fargaba a kansa. Shekara ashirin da biyu ina tace rubutun mutane a gidan jarida, kalmar nan ta bi ta ƙarƙashin birona ba adadi. Ban taɓa tsayawa a kanta ba.

Ta tambayi wa ke gidan. Na ce surukata, Ña Blásida, ta zo daga garinsu Piribebuy addu'ar kwana tara ta mijina Osmar a watan Afrilu, ba ta koma ba. Ta ce to, ya yi. In ba ita, sai dai in tafi wajen ƙanwata Nidia a Buenos Aires, wadda ta riga ta share min ɗaki ba tare da na ce ta share ba.

Ba na son barin gidan nan. Iyakar abin da na san ina so ke nan.

Kilo hamsin da ɗaya.

Talata, 11 ga Yuli, 7:10 na safe

Na sha. Tashin zuciya. Ban ci ba.

Alhamis, 13 ga Yuli, 9:00 na safe

Na karanta takardar da ke cikin kwalin daga sama har ƙasa, sau biyu. Duk abin da nake ji yana ciki: tashin zuciya, ciwon kai, bushewar baki, hamma. Ta ce yawanci sukan wuce cikin sati biyu.

Bakwai da kwata muke zama a kicin shan mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu daga ƙoƙo ɗaya. Ita ke zubawa. Ba haka aka saba ba, ƙarami ke zuba wa babba, amma mai zubawa a gidan nan ba ni ba ce, kuma tun Afrilu ban taɓa fulas ɗin ba. Takan tashi kafin ni, ta daka ganyayyakinta a ƙaramin turmi, ta dafa su a ruwan. Ta cika ƙoƙon, ta miƙo, in zuƙe, in mayar. Ta cika nata. Haka har fulas ya ƙare. Ba mu cika magana ba.

Yau ta ɗauki kwalin, ta juya shi ta nan, ta juya ta can.

"Wannan 'yar abar, me take yi miki?"

"Ba ta fara ba tukuna, Ña Blásida. Sai sati huɗu."

"Sati huɗu! Ko a kan jaki ta taso daga can dajin Chaco, ai da yanzu ta iso."

Na san abin dariya ne. Na ce mata haka.

Lahadi, 16 ga Yuli, 4:30 na yamma

Saƙon murya daga Nidia, minti shida. Ta san ba na ɗaga waya. Na kashe ƙararta tun Afrilu, ban mayar ba.

"Zuni, ni fa ban yarda da wannan zaman ba. Tsohuwa 'yar saba'in da huɗu ce za ta kula da ke? Wa zai kula da ita? Ɗakin yana kallon titi, akwai bishiya, kina son bishiya. Ki ce min e kawai, in turo tikiti. Kuma ki ci abinci, na ga hotonki, kin koma kamar tsinken tsintsiya."

Na rubuta mata: Ina ci.

Na ci rogo dafaffe, yanka biyu.

Laraba, 19 ga Yuli, 7:05 na safe

Na sha. Iskar kudu mai sanyi. Ba komai.

Juma'a, 21 ga Yuli, 2:00 na rana

Tashin zuciyar ya tafi. Na cinye kwanon vori vori, miya mai curin masara, ban lura ba sai da cokali ya taɓa ƙasan kwano. Ña Blásida ta lura. Ta dai ƙaro min, na bar ƙarin.

Na wanke kaina. Na rubuta ne don likita za ta tambaya.

Lahadi, 23 ga Yuli, 5:15 na yamma

Mun je makabarta. Ita ta ce wata uku ya cika, ya kamata a canza ƙyallen gicciye. Ta goge marmarar da tsumma, ta ɗaura sabon farin ƙyallen da ta yi wa ado da hannunta, ta durƙusa, ta yi ta yi har kafaɗunta na rawa. Na riƙe mata jaka. Na karanta allon. Ba kuskure, ni na duba shi kafin a sassaƙa.

A cikin bas ta daɗe tana kallona.

"Ko ɗigo, 'yata?"

"Ba ya zuwa."

"Shekara goma sha tara kuna ɗaki ɗaya da Osmar. Mijinki ne fa. Ai ko kyanwar gida ta fi haka nunawa."

"Na sani."

"Ƙwayar nan ce. Ta daskarar da ke."

Kafin ƙwayar ma bai zo ba. Ban gaya mata ba. Mun sauka, mun sayi burodi.

Litinin, 24 ga Yuli, 8:00 na safe

Na sha. Mate ɗin yau ya fi ɗaci. Ta ce sanyi ne, ta ƙara abin ɗumama jiki. Ta je kasuwa tun da sassafe, wajen mai ganyen da take saya.

Alhamis, 27 ga Yuli, 11:20 na safe

Rediyo ya ce ma'aunin sanyi tara. Ni kuwa gumi nake, rigata ta jiƙe a baya. Hannuna na rawa, rubutun nan shaida ne. Ban iya zama wuri ɗaya ba, na zagaya tsakar gida sau goma sha ɗaya.

Ña Blásida ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona da wani irin jin daɗi.

"Yauwa. Jini ya fara gudu."

Asabar, 29 ga Yuli, 10:00 na safe

Gudawa tun jiya. Zuciyata na bugu kamar na hau tudu da gudu, alhali a zaune nake. Haƙorana na haɗuwa da kansu.

Na yi lissafi irin na aikina. Me ya canza a jikina cikin watan nan? Abu ɗaya. To shi ne.

Ranar ganin likita sai bakwai ga Agusta. Katinta na kan firji, lambar da manyan baƙaƙe. Na ɗauki wayar, na riƙe ta, na ajiye. Wayar nan ce dai. A daidai wurin nan nake tsaye ran da aka kira ni da labarin Osmar.

Ban sha ba yau.

Lahadi, 30 ga Yuli, 7:30 na safe

Ban sha ba. Na gaya mata. Ta yi alamar gicciye, ta sumbaci babban yatsanta.

"Bar ni da ke kawai. Sati ɗaya."

Talata, 1 ga Agusta, 3:40 na yamma

Kwana huɗu ba ƙwaya. Rawar hannun ta ragu. Wani abu ya maye gurbinta: in na juya idona sai in ji zirr a cikin kai, kamar an taɓa min wayar lantarki. Ƙasa na karkacewa.

Derlis na teburin wasanni a jaridarmu ya zo da kwalbar carrulim daga ofis, barasar rake da ganyen ruda da lemun tsami, ganyen na yawo a ciki. Ya cika ƙofa da tumbinsa.

"Ina sarauniyar jan biro? Ranki ya daɗe, mun shiga uku. Tun da kika tafi ba mai duba mu. Makon jiya a shafi na tara muka kashe wani bawan Allah yana raye, ya zo ofis da ƙafarsa yana tambayar ina za a binne shi, ya halarta."

Sai ya tuna gidan da yake. Kunnuwansa suka yi ja.

"Zauna, Derlis," na ce. "Kun nemi afuwa a wane shafi?"

"Na tara ɗin."

"Da kyau."

Ña Blásida ta kawo ƙananan kofuna uku. "Agusta ya shigo, mai kwashe tsofaffi da ramammun shanu. Ni tsohuwa, ita ramammiyar saniya, duk muna cikin lissafinsa. Kai kam ba abin da zai iya ɗauka, sai ya ɗauko amalanke."

"Ña, wannan ai zagi ne da rana tsaka."

"Sha ka yi shiru."

Na yi kurɓi uku na kariya daga sharrin Agusta, kamar kowace shekara. Na tuna an ce ban da giya. Na kuma tuna ba na shan ƙwayar, to dokar ta wa ce?

Ya ce kujerata na nan, ba wanda ya hau. Na ce na gode.

Laraba, 2 ga Agusta, 6:00 na yamma

Na faɗi a gaban famfo. Ba ciwo. Na zauna a ƙasa na ɗan lokaci, akwai sanyi mai daɗi a simintin.

Alhamis, 3 ga Agusta, 12:30 na rana

Na sake buɗe takardar. Jiri, jin kamar jan lantarki a kai: alamun daina sha kwatsam. Yana nan baƙi a kan fari. Ashe ba sharrin ƙwayar ba ne wannan, rashinta ne.

Na sha ɗaya ƙarfe bakwai. Mate ya yi ɗacin da sai da na runtse ido. Yanzu na ƙara ɗaya, don kwanakin da na tsallake. Takardar ta ce kada a ninka. Na karanta. Ina so zirr ɗin ya tsaya ne kawai.

Asabar, 5 ga Agusta, 11:00 na safe

Na dawo gida jiya da yamma. Zan rubuta shi a jere, kamar rahoto.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe huɗu ƙafafuna suka fara fizga da kansu. Zazzaɓi, gumi, baki ya ƙi tsayawa. Ña Blásida ta fita titi ba takalmi ta tare tasi. A asibiti suka sa min ƙarin ruwa da allurar kwantar da jijiya. Wani matashin likita ya lanƙwasa tafin ƙafata, ya saki, ƙafar ta ci gaba da kaɗawa ita kaɗai. Ya kira Likita Insfrán.

Ta zo da safiyar Juma'a, ta jawo kujera.

"Nawa kika sha?"

"Biyu. Bayan kwana biyar ban sha ba."

Ta cire gilashinta ta goge. "Za mu dawo kan wannan. Sai me?"

"Ba komai."

"Giya?"

"Kurɓi uku ranar Talata."

"Maganin tari? Na ciwon kai? Wani abu daga kyamis, ko daga hannun maƙwabciya?"

"A'a."

"Mate?"

"Likita, wa ba ya shan mate?"

"Da me a ruwan?"

Shekarata arba'in da bakwai. An miƙo min ƙoƙo a ofis, a bas, a gidan biki, a layin banki, ban taɓa tambayar me ke cikin ruwan ba. Ba a tambaya. Wanda ya miƙo maka ya sha kafin kai.

Aka shigo da Ña Blásida. A kan benci ta kwana, mayafinta duk ya yamutse.

"Ña, me kike dafawa a ruwan mate?"

"Abin da kowa ke dafawa. Na'a-na'a. Ɓawon lemo. Ɗan citta saboda sanyi."

"Sai me?"

Ta kalle ni. Ta sa hannu a aljihun riga ta ciro ƙullin takarda. Busassun furanni, rawaya sun koma ruwan ƙasa.

"Ganyen San Juan. Na baƙin ciki ne. Mai ganyen ta ce ba kamarsa."

"Kin gaya mata yarinyar na shan maganin likita?"

"Ba ta tambaya ba."

"Tun yaushe?"

"Washegarin da muka je wajen Osmar."

"Kamar nawa?"

Ta dunƙule hannu ɗaya. Sannan ta ce tun da na daina ƙwayar, sai ta ga fili ya samu. Ta dunƙule na biyu.

Likita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ganyen nan da ƙwayar nan abu ɗaya suke ƙara wa ƙwaƙwalwa, kamar mutum biyu na cika randa ɗaya, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. In ta tumbatsa, abin da muka gani ke nan, kuma wannan ƙaraminsa ne. Babbansa kan kai mutum inda ba a dawowa.

"Ganye ne fa, Likita," in ji Ña Blásida. "Allah ne ya shuka shi."

"Shi ya shuka rogo mai ɗaci ma, Ña. Kin taɓa ba jikanki ɗanye?"

Ba ta da jika. Likita ba ta sani ba. Ba wanda ya gyara mata.

Sai ta juyo kaina. "Ke kuma, mai karatu. Jikinki ya canza, ba ki kira ni ba. Kin daina da kanki. Kin ninka da kanki. Uku ke nan." Ta nuna kanta da yatsa. "Ta huɗun tawa ce. Na ce miki magani, ban ce ganye ba. Ni ma yau da safe na sha mate, kuma ban san me mahaifiyata ta zuba ba."

Da na dawo na duba takardar. Sunan ganyen na nan a shafi na biyu, cikin abubuwan da ba a haɗawa. Sau uku idona ya bi ta kansa. Na wuce ne don ni ba na shan ganyen San Juan.

Lahadi, 6 ga Agusta, 8:10 na safe

Bakwai da kwata na shiga kicin. Ta riga ta zauna. Ta buɗe fulas ɗin ta karkato min bakinsa in gani.

"Ruwa ne zalla. Ko na'a-na'a ban sa ba."

Ta cika ƙoƙon, ta miƙo.

Na ce, "Na gode."

Ba a faɗin wannan sai mutum ya ƙoshi, zai fita daga zagaye. Ni a ƙoƙon farko na faɗa, ban ko taɓa shi ba. Ban shirya ba. Hannuna ne ya ƙi tashi daga cinyata, bakin ya bi shi.

Ta daɗe da ƙoƙon a miƙe. Sannan ta shanye da kanta. Ta cika na biyu, ta shanye. Na zauna har ta gama fulas ɗin, don ban san yadda ake tashi ba.

Litinin, 7 ga Agusta, 1:00 na rana

Wajen likita. Kilo arba'in da tara. Ba ƙwaya, ba ganye, har sati biyu daga ranar Alhamis, sai jiki ya wanke. Ranar sha bakwai in fara da rabi. Bayan sati ɗaya, in komai lafiya, cikakkiya. Sati shidan ya koma farko. Kafin nan za ta riƙa ganina Litinin da Juma'a.

Ta sa na mayar da ƙarar wayar a gabanta. Ta kira ni daga wayar teburinta, tana zaune taku biyu daga gare ni. Ta yi ƙara sau biyar kafin in ɗaga.

"Kin ga, ni ce kawai," ta ce a cikin wayar.

Ta sake tambaya ko akwai mutum a gidan. Na ce akwai.

Talata, 8 ga Agusta, 5:00 na yamma

Nidia, minti tara. Ban san wa ya gaya mata ba. Derlis, ina jin.

"Tsohuwar nan ta kusa kashe ki, kina ce min ba komai? Ganye! A shekarar nan! Ki saurare ni da kyau, Zunilda. Ran ashirin da shida ina Asunción, a ƙofar gidanki. Ko dai in tarar da mai hankali a gidan nan, ko ki shiga bas tare da ni. Ba shawara nake ba ki ba."

Ba ta kirana Zunilda sai ta ji tsoro.

Alhamis, 10 ga Agusta, 7:30 na safe

Ta koma shan mate a waje, gindin mangwaro, cikin wannan sanyi. Ina jin ƙarar bututun in ƙoƙon ya ƙare.

Asabar, 12 ga Agusta, 7:30 na safe

Gindin mangwaro.

Litinin, 14 ga Agusta, 6:20 na yamma

Tana yi min girki. Tana ajiye kwano a tebur, ta kuma jera kusa da shi duk abin da ta sa a ciki: gishiri a cokali, albasa rabi, ganyen faski ɗaya. Na fahimta. Ina ci.

Zirr ɗin ya kusa ƙarewa. Abin da ke ƙarƙashinsa yana nan yadda na bar shi a Yuli.

Laraba, 16 ga Agusta, 4:45 na yamma

Na tarar tana ninke kayanta a kan gado. Ta ce gobe, bas ɗin ƙarfe goma. Kajinta na hannun maƙwabta tun Afrilu, an ce biyu sun mutu.

Na tsaya a bakin ƙofa. "In kin tafi, Nidia za ta tafi da ni."

"Gara haka. Ita ta yi makaranta."

"Ba na son tafiya."

"Ni ma ba na son abubuwa da yawa." Ta ninke siket, ta warware, ta sake ninkewa. "Kin san me ya sa?"

"Kin ce na baƙin ciki ne."

"Ba wannan ba. Na haifi ɗaya, na sa shi a rami. Na juyo in ga wanda zai taya ni, na ga mutum-mutumi. Kullum ina miƙa miki ƙoƙo kamar ina shayar da bango. Na ce ko kuka ta yi, ko dariya, ko ta zage ni. Ko zagin ma ina so." Ta zauna a bakin gadon. "Da kika fara zagaya tsakar gida kina gumi, murna na yi. Kin ji? Kina mutuwa, ina murna."

Na nemi abin da ya kamata in ji. Fushi, ko tausayi. Na duba sosai, kamar yadda nake bin shafi layi-layi. Ba kowa a cikina.

Na ce, "Ban mutu ba."

"Ba da dabarata ba."

Ta ci gaba da ninki. Na koma ɗakina.

Alhamis, 17 ga Agusta, 10:40 na safe

Na shiga kicin bakwai saura minti goma da kwalin a hannu. Tana sanye da takalmin tafiya. Jakarta a bakin ƙofa.

Na ajiye kwalin a gabanta, da katin likita, da takardar.

"Yau zan fara. Rabi. Ke za ki riƙe."

Ta ja hannuwanta baya kamar na ajiye garwashi. "Ke, 'yar nan, kanki ɗaya? Ni?"

"Ni na daina da kaina, na ninka da kaina. Ba a ba irina ajiya."

"Ni kuma fa? Me ake ba irina?"

"Ke ba ki taɓa tsallake ko rana ɗaya ba. Kwana goma sha ɗaya kina ba ni, kullum a kan lokaci. Maganin ne kawai ba shi ba."

Ta kalle ni kallon da ban san fassararsa ba. Sannan wani sauti ya fita ta hancinta. Ban tabbatar ko dariya ce ba.

"Ba ki da kunya."

"Rabi yau, har Laraba. In likita ta yarda, ɗaya daga Alhamis. In na manta, ba a ramawa. In kin ga ina gumi ko rawa, ko na ce miki na warke ba na so, ki kira lambar nan, ko na hana ki. Duk ganyen da za ki sa a ruwa, a fara kai mata ta gani."

"Har na'a-na'a?"

"Har na'a-na'a."

"Likitar nan za ta gaji da ni."

Ta ɗauko gilashinta daga jaka. Ta ɓare ɗaya, ta ɗora a kan katakon yanka albasa, ta sake shawara, ta ɗauko faranti mai tsabta. Akwai zane a tsakiyar ƙwayar. Ta sa bakin wuƙa a kai, ta gyara, ta sake gyarawa. Ta fi minti ɗaya. Ta rabu daidai.

Ta miƙo rabin a tafin hannunta. Na ɗauka, na haɗiye da ruwa.

"Buɗe bakin in gani."

Na buɗe.

"Ɗaga harshe."

Na ɗaga.

Ta nannaɗe ɗaya rabin a takarda, ta tura kwalin cikin rigarta, inda take ajiye carbi. Ta duba agogon bango. "Bakwai da minti huɗu. Gobe bakwai daidai. Ba na son lalaci."

Ta ɗora ruwa. Ta tsaya a gaban murhu ta ba ni baya, ta tambaya ba tare da ta juyo ba ko ta sa ƙoƙon a tsakiyar tebur ne ko a gefenta.

Na ce a tsakiya.

Ban ji komai ba. Likita ta ce sati huɗu, wataƙila shida. Bas ɗin ya tashi minti arba'in da suka wuce, ita kuma tana tsakar gida tana faɗa da maƙwabtanta a waya kan kaji.